Nauyin Jika

"Sama, Mai Raino, sama! Bangon nan ba surukinki ba ne, daina jin kunyarsa!"

Ɗakin ya kaure da dariya. Mata ne a jere, kowacce ta fuskanci bango kamar ɗaliban da aka yi wa horo, yatsunsu na tattaki a kan fenti suna hawa a hankali. Mai Raino ta cije leɓe ta ƙara tura nata. Fatar hammatarta ta ɗaure tamau, tabon da wuƙar likita ta bari daga ƙirji zuwa ƙarƙashin hannu ya ja kamar igiyar da ta jiƙe ta bushe. Gumi ya tsattsafo mata a goshi, amma ba ta sauke hannun ba.

Wadda ta yi tsiyar Mai Gwanjo ce, wata gajeriyar mata mai sayar da tsofaffin kaya a kasuwa, wadda bakinta ba ya hutawa sai in tana barci, shi ma ana shakka.

"Ke dai ji da naki," in ji Mai Raino tana haki. "Da bakinki ne ke hawan bangon nan, da tuni kin fasa rufi."

Ɗakin yana bayan asibiti, da can ma'ajiyar tsofaffin gadaje ne. Yanzu akwai tabarmi, da kujerun roba, da fankar da ke kuka kamar za ta faɗo. Duk ranar Laraba matan ke taruwa. Kowaccensu ciwon daji ya ci mata nono, an yanke, ta sha maganin da ke zubar da gashi, ta rayu. Sista, ma'aikaciyar jinyar da ta haɗa su, takan ce likita ya gama nasa, saura nasu. Saboda haka sukan fara da motsa jiki, su koma da'ira kowacce ta amayar da abin da ke cinta, daga nan su yi shiru su rufe ido, kowacce ta gana da Ubangijinta yadda ta saba.

Wasu don su iya ɗaura ɗankwali da kansu suke zuwa. Wasu don kada kaɗaici ya kashe abin da ciwo ya bari. Ita Mai Raino buƙatarta ɗaya ce, kuma kowa a ɗakin ya san ta: tana so ta ɗauki jikanta.

* * *

Ba a banza ake ce mata Mai Raino ba. Tun tana da ƙuruciya mata masu zuwa aiki ke ajiye mata 'ya'yansu a falonta da safe su ɗauka da yamma. Rabin samarin layin a cinyarta suka yi haƙori. Ta san kukan yunwa, ta san na rigima, ta san na kunnen da ke ciwo. Da ciwon ya kwantar da ita iyaye suka kwashe 'ya'yansu, da ta tashi kuma babu wadda ta dawo da nata. Ta ce a ranta tausayinta suke ji.

Ana cikin haka matar Auta ta haihu, namiji. Auta shi ne ɗanta na ƙarshe, direban motar haya, shi da matarsa suna ɗakin da ke kallon nata. Ranar da aka dawo da jaririn gida ta miƙa hannu biyu tun daga bakin ƙofa.

"Ku kawo min angona in ga ko ya kai a aure shi."

Auta ya shiga tsakani da sauri, yana murmushin da bai kai ido ba.

"Mama, hannunki fa. Likita ya ce ban da ɗaukar abu mai nauyi. Bari ki ƙara ƙarfi tukuna."

Gaskiya ne likita ya faɗa, kuma gaskiya ne a lokacin ko buta ba ta iya ɗagawa da hagu. Sai ta janye hannuwanta ta leƙa fuskar yaron daga nesa. Ta karɓi maganar ɗanta yadda ya faɗe ta. Kofin da aka ɗaura wa jan zare aka ce nata ne ita kaɗai, shi ma ta ɗauka gata ne irin na mara lafiya. Mutum in yana son 'ya'yansa, babu irin uzurin da ba ya ƙera musu.

Da Laraba ta zagayo ta sami Sista ta ce mata, "'Yar nan, me zan yi hannun nan ya ɗauki yaro?"

Sista ta ba ta ƙaramar gorar ruwa. Ta ce ta riƙa ɗagawa safe da yamma, in ta daina jin nauyinta ta nemi wadda ta fi ta, a hankali, ban da gaggawa, in hannun ya kumbura ta dakata ta zo a duba.

Nan tseren ya fara, don kuwa yaro ba ya jiran kowa. Mijinta, tsohon kafinta wanda ido ya sa ya ajiye zarto, shi ya zama sikeli. Ya je ya ɗauki jikan ya jijjiga shi, ya dawo ya karɓi gorar ya auna a tafin hannu, ya girgiza kai.

"Uwar yara, angon naki ya sake yin gaba."

"Kai Malam! Jiya fa ka ce na kusa."

"Jiya ke nan. Yau ya sha ya ƙoshi. Wannan ba yaro ba ne, hujajjen buhu ne, zuba masa ake yi ba ya cika. Ni dai in ya ƙwace min mata, ya san shi zai riƙa cefane."

Daga ƙaramar gora ta koma babba. Daga babba ta koma biyu a ɗaure da tsumma. A ɗakin Laraba labarin ya zama na kowa. Da ta shigo sai 'Yar Sanda, wata doguwar mata da ta yi ritaya daga aikin ɗamara, ta ƙame ta sara mata.

"Rahoto! Wa ke gaba, ke ko shi?"

"Shi ne, amma ina jin ƙamshin ƙeyarsa."

Yatsunta suka wuce inda suke tsayawa a bango. Ta fara taje kanta da hagu, gashin da ya sake tsirowa fari fat mai laushi kamar na jarirai. Ta fara shanya da kanta. Abinci ya dawo mata da daɗi. Wata rana Malam ya tarar da ita tana waƙar rarrashin yara tana shara, ya tsaya a bakin ƙofa yana saurare, ya juya yana goge ido wai ƙura ce.

A ƙarshe ta naɗe ƙullin shinkafa a zani, ta rungume shi a kafaɗar hagu, tana zagaya tsakar gida tana bubbuga bayansa. Malam ya ɗauki jikan, ya ɗauki ƙullin, ya sake ɗaukar jikan. Ya yi gyaran murya irin ta alƙalai.

"Kin kamo shi. Har kin ɗan wuce."

* * *

Ta yi wanka ta sa rigarta mai ruwan ganye. Ta jira Auta ya dawo cin abincin rana, don ya gani da idonsa. A gabansa da matarsa ta ɗaga ƙullin shinkafar sama da kanta da hannun hagu, ta sauke, ta sake ɗagawa, tana dariya kamar yarinya.

"To direba, ka ga hannu. A ba ni mijina."

Babu wanda ya motsa. Matar Auta, yarinya mai sanyin hali da ba ta taɓa ɗaga mata murya ba, ta ƙanƙame yaron ta ja da baya taku ɗaya. Takun nan ƙarami ne, amma Mai Raino ta ji shi har cikin tabonta.

Auta ya ajiye cokali. Ya kalli ƙasa.

"Mama... dama ba hannun ba ne."

"To mene ne?"

"Surukata ce ta ce... ta ce irin wannan ciwon ba ya fita daga jiki duka. Wai yana bin gumi, yana bin numfashi. Kuma yaro fatarsa ɗanya ce. Ta sa 'yarta ta yi mata alkawari. Mu ma, Mama, gaskiya tsoro muke ji."

"Kai, rufe min baki!" Malam ya daka masa tsawa daga kan kujerarsa. "Ni da nake ɗaki ɗaya da ita, muke shaƙar iska ɗaya, me ya kama ni?"

"Baba, ai kai ka tsufa, jininka ya yi tauri."

"Jinin ubanka ne ya yi tauri!"

Da wata rana ce da ta yi dariya, don uban da ake zagi shi ne mai zagin. Amma ta sunkuya ta kwance zanin, ta mayar da shinkafar kicin ta juye a mazubinta, ta ninke zanin tsaf. A hanyar komawa ɗaki idonta ya faɗa kan kofi mai jan zare. Sai yanzu ta gan shi. Ta kuma ga falonta da babu kukan yaro ko ɗaya, ta gane ba tausayi ne ya kwashe su ba.

* * *

Larabar da ta biyo baya ta zo, amma ba ta je bango ba. Ta zauna a kujera ta haɗa hannuwa a cinya. Mai Gwanjo ta buɗe baki za ta yi tsiya, ta dubi fuskarta, ta rufe. Da aka zauna da'ira Mai Raino ta faɗi abin da ya faru, ba ƙari ba ragi, muryarta a bushe.

"Ashe ni kaɗai nake tserena," ta ce. "Ina ta ɗaga gora kamar mahaukaciya, suna kallona, babu wanda ya ce min Mama ajiye."

Wata malamar makaranta ta ce ita abokan aikinta sun daina cin abinci kwano ɗaya da ita. 'Yar Sanda ta ce ita ƙanwarta in ta zo gaishe ta a tsaye take gaisuwar, jaka a hammata. Aka yi ta fitowa da su ɗaya bayan ɗaya, abubuwan da kowacce ta haɗiye don kada a ce ta cika ƙorafi.

Sista ta ce, "Mama, ciwon nan ba a ɗaukarsa. Ba ta gumi ba, ba ta kofi ba, ba ta runguma ba. Ki turo min su in yi musu bayani."

"An yi musu, 'yar nan. Ranar da aka sallame ni likita ya faɗa a gaban Auta. Kunnensa ya ji, tsoronsa ne bai ji ba."

Mai Gwanjo ta tafa hannu ta miƙe.

"Sista, ni fa bangon ɗakin nan ya ishe ni, duk mun cinye masa fenti. Mai Raino, gidanki akwai katanga?"

"Akwai."

"To Laraba mai zuwa taku za mu hau. Ki dafa shayi da yawa, kin san 'Yar Sanda ba ta shan kofi ɗaya."

* * *

Da hantsi suka iso, cike da motar haya, suna sallama da ƙarfi kamar masu biko. Matar Auta ta fito da yaro a kafaɗa ta durƙusa ta gaishe su, idonta na yawo a kan ƙirazansu, tana ƙoƙarin kada a gane. Malam ya kwashi kujerarsa ya koma ƙofar gida, amma ya bar ƙofar a buɗe don kada komai ya wuce shi.

Suka jeru a jikin katanga. 'Yar Sanda na ba da umarni, yatsu na hawa, ana waƙa ana kuskure ana shewa. Maƙwabta suka fara leƙe ta saman gini.

"Ku shigo mana!" Mai Gwanjo ta ɗaga musu hannu. "Kallo kyauta ne, ba ma cizo!"

Yau ba ita kaɗai ta zo ba. Ta zo da 'yarta, wata ɓulɓul ɗin yarinya da ta fara rarrafe, cinyoyinta duk lanƙwasa. Da aka kawo shayi Mai Gwanjo ta tsallake kofunan baƙi ta ɗauki mai jan zare.

"Wannan na 'yan gata ne, da shi zan sha."

Ta kurɓa, ta hura, ta ɗan ɗanɗana wa 'yar. Matar Auta ta zaro ido. Can yarinyar ta fara rigima tana jan rigar uwarta. Mai Gwanjo ta zauna a tabarma kusa da matar Auta, ta ɗage riga ba tare da wani ɓoye-ɓoye ba. Gefe ɗaya shafe yake, sai dogon tabo. Ɗaya gefen yarinyar ta cafka da hannu biyu tana zuƙa har da lumshe ido.

Matar Auta ta kasa ɗauke kai. Da ƙyar ta ce, "Yaya... da guda ɗaya?"

"Guda ɗaya, ƙanwata, kuma har ya yi mata yawa. Dube ta fa. Wannan ta yi miki kama da wadda ake cuta?"

"Bayan ciwon kika haife ta?"

"Bayan na gama magani da daɗewa, likita ya ce bismillah."

"Ba ki ji tsoro ba?"

Mai Gwanjo ta daina dariya. Wannan ne karo na farko da Mai Raino ta ga fuskarta babu wasa.

"Na ji. Ranar da aka miƙo min ita ƙin karɓa na yi. Na ce a ba ta madarar gwangwani, kada in zuba mata abin da ya kusa kashe ni. Tana kuka ina kuka. Sista ce ta zauna a bakin gadona ta yi ta fama da ni. Don haka ban ga laifinki ba, uwa ce ke. Amma ki dubi tsohuwar can da kyau. Ciwo ya ɗauki nasa ya tafi. Abin da ya rage yanzu, ku ne kuke ɗauka."

Matar Auta ta sauke yaron a cinyarta. Ta sunkuyar da kai tana wasa da yatsun ƙafar ɗanta.

Sista ta ce lokacin shiru ya yi. Matan suka gyara zama a inuwar katanga suka rufe ido. Gidan ya yi tsit, sai kukan tattabarun maƙwabta da ƙarar wata mota can nesa. Mai Raino ta buɗe tafukanta a kan cinya. Ta gode wa Allah da ya bar mata numfashi, ta roƙa wa Auta tsari a kan hanya. Da ta zo kan buƙatarta sai ta tsaya. Ta gaji da roƙon abu ɗaya. Ta ce a ranta, Ya Rabbi, in ba rabona ba ne, ka cire min shi daga zuciya, ka raya shi ko daga nesa ne.

Ta ji tabarma ta motsa. Ta ji numfashin mutum kusa da ita, mai rawa. Sai aka ɗora mata wani abu a hannuwa.

Ba ta buɗe ido ba. Tsoro take kada ta buɗe ya zama ba haka ba ne. Abin yana da ɗumi. Ya fi ƙullin shinkafa nauyi, Malam dai bai iya awo ba. Kuma shinkafa ba ta harbi, wannan kuwa ya sa mata ƙafa a ciki ya kama ɗankwalinta ya ja.

"Mama," in ji matar Auta a hankali, "ki tallafe masa kai, yana son ya waiga."

"Ni za ki koya wa riƙon yaro?"

Ta faɗa da faɗa-faɗa, amma hawaye ne ke bin kumatunta. Hannun hagu ya ɗaga shi cak ya kai kafaɗa, bai yi ko gezau ba. Shirun ya watse. 'Yar Sanda ta ƙame ta sara, malamar makaranta na tafi, Mai Gwanjo ta rangaɗa shewar da ta tayar da tattabaru. Malam ya leƙo da kai.

"Shi ke nan, an ƙwace! Yaro, ga ta nan, amma ka sani tana da mita da safe!"

"Yi tafiyarka, tsoho," ta ce ba tare da ta dube shi ba. "Na yi sabon miji mai haƙoran da ke tafe, ba wanda nasa suka zube ba."

Yaron ya ƙura mata ido, ya yamutsa fuska kamar mai tunanin ko ya yi kuka. Sai ya sunkuya yana goga baki a rigarta, yana lalube irin na masu neman abinci. Ya laluba gefen hagu bai sami komai ba. Ya ɗago ya dube ta da tuhuma.

"Babu, angona," ta ce masa. "An riga ka. Sai dai haƙuri."

Ya ɗan yi ƙunƙuni, ya kwantar da kunnensa a wurin da ya shafe, inda babu abin da ya raba shi da bugun zuciyarta sai fata da ƙashi. Ta fara bubbuga bayansa. Ya yi gyatsa, ya zubo mata tumbiɗi mai ɗumi a kafaɗar rigarta mai ruwan ganye. Kafin baƙi su gama neman takalmansu ya yi barci.

* * *

Gidan ya koma shiru. Matar Auta na tattara kofuna, tana satar kallonsu, in sun haɗa ido ta yi murmushi ta sunkuyar da kai. Ba ta zo karɓarsa ba. Hannun Mai Raino ya fara sagewa, amma ko za a ba ta duniya ba za ta gyara zama ba.

Waya ta yi ƙara a ɗakin Auta. Matarsa ta ajiye tire ta shiga da sauri, ta saki labule. Labule kuwa ba ya tare magana.

"Na'am, Umma... Lafiya lau, yana barci... Eh, ya sha." Ta yi shiru tana saurare. Muryarta ta ƙara yin ƙasa. "A'a, Umma. Ban ba ta ba. Ina sane."

Mai Raino ta ji. Ta dubi labulen, ta dubi ɗan bakin da ke buɗe a ƙirjinta yana fitar da numfashi mai ƙamshin nono. Tumbiɗin ya fara bushewa a kafaɗarta, fari a kan kore. Tsumma na nan kusa da gwiwarta, miƙa hannu kawai za ta yi. Ta bar shi inda yake, ta ci gaba da bubbuga bayan yaron a hankali, yadda ba za a ji daga cikin ɗaki ba.